Inda Dogo Ya Ƙare

Kontagora, watan Yuli

Baban Miracle,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da aiki, da baƙunta. Mu nan muna lafiya, sai dai ƙafar mahaifinka, Baba Andarawus, da ta ƙara kumbura. Har yanzu muna ɗaki ɗaya da cocin ta ba mu tun da ɓarayin daji suka kore mu daga ƙauye. Ba wanda ya iya komawa ta wajen Beri, inda ƙauyenmu yake, ko don duba gona.

Luka, ɗan fasto, ya nuna mini takardarka a wayarsa, na karanta wa mahaifinka. Da na zo inda ka ce layin dogon ƙasar Sin bai kai na Kazakistan faɗi ba, shi ya sa jirgi ke tsayawa a iyaka ku ɗaura wa kwantena sarƙa injin ya ɗaga ta zuwa wani jirgin, sai Baba ya ce ƙarya kake mana. Wai shi da ya tsufa yana gyaran dogo a Zungeru bai taɓa jin dogo iri biyu ba. Luka ya gaya masa ai ko sabon layin Abuja zuwa Kaduna ya fi nasu na da faɗi, tsofaffin jiragen ba sa iya hawa. Ranar Baba ko tuwo bai ci sosai ba.

Ba ka ce komai kan zuwa hutu ba. Miracle tana gaishe ka, ta fara rubuta sunanta.

Taka,
Christiana

Kontagora, watan Oktoba

Baban Miracle,

Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah ya same ka lafiya. Ni dai tun da saƙonka ya zo hankalina bai kwanta ba.

Ashe tun saukarka kamfanin ya karɓe fasfonka, ko ƙofar sansanin ma'aikata ba ku fita sai da izini. Na gode da ka faɗa mini. Amma abin da kake shirin yi, na ɓuya cikin kwantena har Turai, don Allah ka bari. Kai da kanka ka rubuta cewa dogo mai faɗin nan yana ƙarewa a bakin ƙasar Folan, a can ma sai an tsayar da jirgi an sauke komai an mayar kan wani. To ina za ka ɓuya a wurin? Kuma ka ce sanyin can yana daskarar da ruwa a gora. Wa zai ji bugunka a cikin ƙarfe?

Na san abin da ke damunka. Ni ma kullum ina tsayawa a bakin tasha ina kallon motocin Minna masu bi ta wajen ƙauyenmu, ba na iya shiga ko ɗaya. Masarar da muka shuka kafin gudu, an ce shanu sun cinye. Baba yanzu ba ya tashi, ni ke juya shi. Ban gaya masa shirinka ba. Ya ce in tambaye ka ko ƙusoshin dogonku irin nasu ne, ka ba shi amsa.

Ka yi haƙuri ka zauna. Fasto ya ce zai rubuta wa ofishin jakadanci.

Matarka,
Christiana

Kontagora, watan Disamba

Matthew,

Ina gaishe ka, ina kuma gode wa Allah da kake numfashi. Yaya jikin? Ban san ko za a ba ka wannan takarda a inda kake tsare ba, amma abokin aikinka Silas ya ce zai yi ƙoƙari.

Shi ya gaya mana komai. Ya ce ka shiga, aka rufe, jirgi ya tafi. Ya ce a iyakar Folan, da injin ya ɗaga kwantenar, wani ma'aikaci ya ji abu ya gangara a ciki ya bugi bango, ya sa aka buɗe. Kai ne, ba ka cikin hayyacinka. Ya ce likita ya yanke yatsu biyu na ƙafarka ta hagu. Na yi fushi da kai, na yi kuka, yanzu duk sun wuce. Da jirgin nan ya zarce bai tsaya ba, da gawarka za a sauke.

Baba ya rasu farkon watan nan. Mun binne shi a nan Kontagora, don ba hanyar kai shi ƙauye kusa da kabarin Mama. Bai san abin da ya same ka ba. Har ƙarshe cewa yake ɗansa yana aikin jirgi a ƙasar waje.

An ce za a yi maka takardar dawowa, amma ba a faɗi rana ba. Kada ka ji kunyar zuwa hannu wofi. Fasto ya ba ni ɗan fili bayan coci, na zuba alayyafo da tumatir, muna ci.

Na daina gaya wa Miracle cewa kana hanya. Ranar da ka sauka a tasha, ta gan ka da idonta.

Ni ce taka,
Christiana