Kwalba Ta Arba'in da Ɗaya

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta ya fito, ya ɓata mini aikin shekara biyu. Wai zanzaron da ke yi wa baƙar tururuwa ƙwai a jiki, da wanda ke yi wa ja, kakansu ɗaya. Ba zai yiwu ba. Ka cakuɗa mini kwalabe ne wajen kamu. Na gaya wa shugaban sashe ya ba wani aikin kamun, kai ka koma wankin kwalabe. Kada ka ji haushi, aiki ne.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Dakta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Dakta kike a ofis, a takardata Auta ce ke, wadda na goya zuwa firamare.

Na ji haushi, kuma zan ci gaba da ji. Kwana uku na yi ina zargin kaina, don kin san halina, ko ƙofa na kulle sai na dawo na taɓa. Na ɗauko littafin da nake rubuta aikin kowace rana, na bi shi layi-layi. Kwalba sittin da huɗu, kowace da ranarta, da ramin da na tsuguna a bakinsa, da irin tururuwar. Ban ga inda na kauce ba.

Shekara goma sha ɗaya ina durƙuso a bayan ɗakin gwaji, tururuwa na hawa mini wando, ina jiran ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba ya sauko ya soki tururuwa. Amma ba ki iya hawa bene ɗaya ki tambaye ni ba, sai shugaba?

Takardun da kuka manna a bayan kwalabe na ɗalibanki ne. Nawa suna ciki. Kowace kwalba nakan jefa 'yar takarda da fensir, don sifirit ɗin da muke adana ƙwarin a ciki yana wanke biro. Ki buɗe ki duba.

Ki fara da ta arba'in da ɗaya. Ranar na ga zanzaro guda ya bar layin baƙaƙe ya faɗa wa jajaye, na kama shi a kan ja. Na zo da gudu na gaya miki, kika yi dariya kika ce, "Yaya, kai dai kamo mini, tunanin bar mana." Wannan ma na rubuta, har da ƙarfe nawa.

Idan aka sami kwalba ɗaya da ta saɓa, ni da kaina zan ɗauki soso.

Wassalam.
Yayanki

*

Yaya,

Ina kwana. Na buɗe duka sittin da huɗu. Babu wadda ta saɓa. Ke nan gaskiya gwajin ya faɗa: zuriya ɗaya ce ta rabu, wasu suka koma kan jajaye. Wannan ya fi abin da na fita nema. Amma babu mai yarda sai da shaidar ranar nan. Don Allah ka aiko mini da littafin.

Taka, Auta

*

Auta,

Lafiya lau. Littafin ba ya zuwa ko'ina sai da mai shi. Ina wurin famfo, hannuna duk kumfa. Ki hawo ke da shugaba, ki maimaita abin da kika rubuto mini a gabansa. Bene ɗaya ne.

Yayanki