Tabarau Ɗin Da Ka Aiko Da Tafiyar Mama Chika

Kafanchan,
Satumba, 1993.

Zuwa ga ƙanena Jamiluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, Ya kuma tsare ku a wannan zama na Fatakwal. Ni dai lafiyata lau, sai godiya. Damina ta yi kyau bana, ruwa bai bar mu mun huta ba, har katangar bayan ɗakin marigayi maigidana Malam ta ɗan zube, na sa an tokare ta da itace kafin rani. 'Yata Binta ta aiko daga Kano cewa cikinta ya tsufa, ana sa ran haihuwa nan ba da jimawa ba. Ka sa ta a addu'a, ka san yadda ta sha wahala a na fari.

Saƙonka ya iso ta hannun Martins, direban nan da ke kai doya wajenku, kuma tabarau ɗin bai yi ko ƙwarzane ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka. Ka tambaye ni in faɗa maka gaskiya ko ya fi baƙin da nake sawa, ko kuwa masu shago ne suka yi maka daɗin baki. To zan faɗa maka duka, amma sai ka yi haƙuri da tsawon zancen, don ba ni da wanda zan yi wa shi a nan.

Ka san tun da aka cire mini yanar ido a Jos, likita ya ce in kiyayi rana. Da gaskiyarsa, don in na fita tsakar gida da hantsi ji nake kamar ana soka mini allura. Shi ne na sayi baƙin tabarau a kasuwa. Ya tare ranar kam, ba zan zalunce shi ba, amma abin da ya jawo mini ban taɓa gaya maka ba. Mutane suka ɗauka na makance. Wata rana a bakin titi wata mata ta kama hannuna za ta tsallakar da ni, na ce mata ina gani, ta ce in yi haƙuri da hukuncin Allah. Matan da ke kawo mini ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tambaye ni, labari kawai ya zaga cewa Zamzam mai keke ido ya tafi. Waɗanda suka san ina gani kuma suka ce tsufa ya zo mini da yanga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaisuwa. Mutum in bai ga idonka ba, ba ya daɗewa a gabanka. Sai ya gaishe ka yana kallon gefe, ya wuce. In na shiga ɗaki dole in cire shi, kuma ko na cire ko ban cire ba zare ba ya shiga allura, don ba na magani ba ne, duhu kawai yake sayarwa.

Naka kuwa, ranar da na fara sa shi na ga ramin allura sarai, na zura zare a karo na farko. Na fita ƙofar gida na hango duwatsun Kagoro har da layin ruwan da ke gangarowa a jikinsu, abin da na manta ana iya gani daga unguwarmu. Ina tsaye gilashin ya fara rinewa a hankali, har ya koma kamar ruwan shayi mai kauri, idona ya yi sanyi. Na koma ɗaki na zauna gaban madubi ina kallonsa yana washewa. Na sake fita, na sake dawowa, kamar ƙaramar yarinya. Har dariya ta kama ni, na juya in ce wa Malam ya zo ya ga ikon Allah. Sai bayan na juya na tuna.

Yana da nasa aibin, kada ka ce na ɓoye. Yana da nauyi, ya yi mini shaida a karan hanci. Da sanyin safiya ya fi yin baƙi, amma in rana ta take ta yi zafi, lokacin da na fi bukatarsa, sai ya tsaya rabi. Ranar da na je gaisuwar rasuwa Godogodo aka ba ni gaban mota, ya ƙi rinewa sam a bayan gilashin motar, na isa idona na ta zubar da ruwa, mutanen gidan suka ɗauka tun daga hanya na fara kuka. Saboda haka ban yar da baƙin ba, yana cikin jaka don tafiya. Babban aibinsa kuma shi ne jinkiri. Saurin rinewa gare shi, amma in ka shigo daga rana sai ka jira shi, kana tsaye kamar wanda aka rufe wa fuska da mayafi. Wannan jinkirin ne ya kawo ni ga abin da nake so in gaya maka.

Ba ka manta Mama Chika ba, Ijeamaka matar marigayi Linus direban jirgi, wadda take ba ka dafaffiyar masara da kwakwa kana ɗan makaranta. Tun muna amare muke tare. Rikicin da ya faru a garin nan a tamanin da bakwai bai raba mu ba, na Zangon Kataf bara ma bai raba mu ba, ko da yake kowanne sai da ya kwashe mana maƙwabta, nata da nawa. A layinmu yanzu gidajen da na san masu su ba su da yawa. Lokacin baƙin tabarau ita kaɗai ce ba ta canza mini ba. Takan ce da Hausarta ta 'yan reluwe, wadda har yau ba ta raba mace da namiji, wai in cire wannan abu na yi kama da ɗan sanda.

To da na samu sabon, na ce ita zan fara nuna wa. Na tafi da sanyin safiya, rana ta fito tar, na yi sallama na faɗa ɗakinta gilashin yana baƙi ƙirin. Na yi tuntuɓe da wani abu a bakin ƙofa, na ce mata yaushe ta fara ajiye kaya a hanya. Ta kama hannuna ta zaunar da ni, ba a kujerar da na saba ba, a kan wani abu mai tauri. Ban kula ba. Na shiga zuba, ina ba ta labarin allura da duwatsun Kagoro, ina yabonka, ina ce mata ta zuba ido yanzun nan za ta ga abin mamaki, baƙi zai koma fari a gabanta. Ita dai sai to, sai eh. Na ɗauka kallo take yi.

Jamilu, da gilashin ya fara washewa, bango na fara gani. Hoton aurensu babu, na Linus da kakinsa na reluwe babu, sai wuraren da suka bari a jikin fenti. Sannan na ga akwatuna an ɗaure da igiya, a kan ɗaya nake zaune. Gadon an kwance shi an jingine. Daga ƙarshe na ga fuskarta, jiƙe sharkaf, ashe duk surutun nan da nake yi kuka take a gabana. Ta ce ɗanta Chukwunonso ne ya zo daga Aba. Tun da aka soke zaɓen nan mutanensu ke ta komawa gida don tsoron abin da ka iya biyowa baya, shi kuma ya rantse ba zai koma ya bar ta ba. Ta ce ta yi ta neman bakin da za ta gaya mini ta rasa, da ta ga na shigo ban ga komai ba har ta ji daɗi, ta ce bari ta ƙara jin muryata ina dariya ko na ɗan lokaci ne. Na tambaye ta ko za ta dawo in ƙasa ta lafa. Ta ce an riga an yi cinikin gidan.

Ranar tafiya na raka ta tasha. Mota suka bi, don jirgin da mijinta ya yi wa bauta har ya tsufa yanzu ba a san ranar zuwansa ba. Da gangan na sa baƙin tabarau, ba na son 'yan tasha su ga halin da nake ciki. Da aka gama ɗaure kaya ta zo ta tsaya a gabana, ta sa hannu ta zare shi daga fuskata, ta ce ba ta yi zaman shekarun nan duka da gilashi ba, da ni ta yi, kuma ba za ta tafi ba sai ta ga idona. Rana ta soke ni, na daure na buɗe. A nan na lura nata idon na hagu ya fara yin fari-fari kamar yadda nawa ya fara. Na gaya wa ɗanta ya kai ta asibiti kada ya yi wasa, ya ce to, amma hankalinsa na kan kaya. Ta miƙo mini tabarau ɗin ta shiga mota. Na dawo gida a ƙafa.

Yanzu ɗinki ya fara dawowa. Mata sun ga idona a cikin farin gilashi sun yarda ina gani, ga kayan 'yan makaranta an fara kawowa. Ina wuni a kan keke, ƙararsa na ɗebe mini kewa. Da la'asar ne abin ke yi mini nauyi, lokacin da takan leƙo da ganyen ugu a ƙunshe ta ce in gwada a miya, ni kuma in ce mata Allah Ya kiyaye. Waɗanda suka sayi gidan mutanen kirki ne, muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Game da maganar da kake ta maimaitawa, cewa in rufe gida in dawo wajenka, na gode, kuma na san don Allah kake yi. Amma ba zan iya ba tukuna. Kabarin Malam yana nan, na Inna yana nan, in na tafi ba wanda zai san ko na waye. Abin da zan iya shi ne in zo in yi muku wata guda bayan Binta ta sauka lafiya. Sai dai ina da roƙo. An ce mini Aba ba nisa daga Fatakwal. Ka kai ni in ga Mama Chika, mu kai ta wajen wanda ya yi mini wannan gilashin ya duba idonta, ko ya nuna mana likitan da ya dace. Ban yarda ɗan nan nata zai tuna ba. Ta bar mini kwatancen unguwarsu, kusa da wata coci ce a bayan babbar kasuwa.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka Hajara da kyau, ka ce na gode da atamfar. Ka gaida Musbahu mai sunan Malam, da Nafisa, da auta Sadiya wadda ban taɓa gani ba sai a hoto. Baba Kumai mai gyaran keke yana gaishe ka, kullum sai ya tambaye ni ko har yanzu kana tsoron karnuka.

Abu na ƙarshe. Ka daina rubuto mini 'yan layuka da manyan baƙaƙe kamar allon makaranta. Yanzu ina karanta ƙanana. Ka matse rubutun, ka cika takardar ciki da baya, ka gaya mini har abin da kuka ci da rana. Ina da lokacin karantawa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka yayarka,
Zamzam