Ƙofar Yashi

Bukan Sidi, Lafiya

Zuwa ga 'yata Falmata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Maƙwabciyata Madam Francisca ce ke rubuta min, na kuma hana ta gyara min magana.

Injiniyoyi sun zo nemana. Za su ta da tsohon injin wutar nan na kan dutse, wanda ruwan rafi ke juyawa, inda na yi aiki tun kafin in auri mahaifiyarki. Babbansu, Iorliam, ya shimfiɗa min takarda, wai babu ƙofar yashi a zanen. Ni ban iya karatu ba, amma shekara goma sha ɗaya ina buɗe ƙofar nan kowace safiya, yashi ya fita kafin ruwa ya shiga bututu. Yanzu ƙasa ta binne ta. In suka saki ruwa ba su tono ta ba, damina ɗaya yashi zai cinye fukafukan injin, su ce ya mutu, su sayar wa 'yan gwangwan.

Mu tara muka yi aikin, ni kaɗai na rage. Na san kin ce kada in hau dutse da wannan gwiwar. Na ji. Ranar Laraba zan tafi.

Mahaifinki,
Abdulrahaman

Kan dutse

Falmata 'yata,

Ina gaishe ki, yaya yara? Yau Iorliam ne marubucina, dole ya rubuta har abin da bai so.

Mota ta kai mu gindin dutse, babur ya ɗauka, ƙarshe goya ni aka yi kamar jariri. Da muka isa ban gane wurin ba. An sare ɗorawar da nake alama da ita, ciyawa ta rufe komai. Sau biyu na nuna, sau biyu suka haƙa ba komai. Na ji leburori suna dariya, Iorliam kuma ya fara naɗe takardarsa. Wallahi na ji kunya.

Sai na cire takalmi, na koma bakin magudanar da ke kai ruwa bututu, na rufe ido, na dafa bango da hannun hagu, na taka yadda nake takawa da asuba a da. Ƙafata ce ta tsaya da kanta. A nan suka haƙa, tsawon mutum, shebur ya bugi ƙarfe. Kambun da ake murzawa a buɗe ƙofar ne, tsatsa ta ci shi amma yana juyawa.

Gwiwar ta kumbura, ba zan ɓoye miki ba. Amma kada ki aiko mota. Akwai launin da rafin ke yi kafin yashi ya taho, ba ya rubutuwa, sai an nuna wa mutum. Zan zauna nan har ruwan farko ya sauka, su gani da idonsu.

Ki yi fushinki, ki kuma yi min addu'a.

Naki har kullum,
Baba