Kwanon gidan su Chundung

Anti Amamata, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ƙarshen wata, na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimta.

A Jos aka haife ni. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan su Chundung, su Kirista mu Musulmi, kuma tun muna rarrafe muke tare. Sai da ta kai ƙannena suna kiranta Yaya. Mamarta takan aiko mana gwaten acca, Innata ta mayar da kwanon cike da masa, don a unguwarmu abin kunya ne kwanon maƙwabci ya koma babu komai.

Ranar Alhamis aka aiko mana gwate a wani kwanon samira mai furanni shuɗi. Washegari Juma'a rikicin 2001 ya ɓarke. Muka kwashe kaya a guje, kwanon ya biyo mu. Daga nan gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa.

Ga abin da ke cina. Bayan wata huɗu Chundung ta tsallako har sabuwar unguwarmu nemana, ita kaɗai, ta yafa gyale don kada a gane ta. Na hango ta ta taga. Maƙwabta na zaune a ƙofar gida, na ji tsoron bakinsu, na sa aka ce mata ba na nan. Ta daɗe a tsaye kafin ta juya.

Shekarata goma sha ɗaya a Landan. Da Inna ta rasu, kwanon na roƙa a cikin kayanta. Yana kicin ɗina a Lewisham, 'ya'yana sun san ba a taɓa shi. Watan jiya a bas 21, muna kan Old Kent Road, na ji wata na waya da Hausar Jos, ta yi wata dariya da ko a mafarki zan gane. Ita ce, cikin kayan nas, har da furfura. Na ja mayafi na rufe fuska, ni mace mai shekara arba'in da ɗoriya, har ta sauka.

Wata abokiyar aikina, Fausia, ta santa. Ta ce ƙarshen watan nan Chundung za ta koma Glasgow. Maigidana ya ce in bar abin da ya wuce. Amma ina kewarta, Anti. Ita kaɗai ta rage da ta san Innata tana matashiya. In je, ko na makara?

'Yar Jos a Lewisham

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Inna. Maganar maigidanki ba ta banza ba ce. Ba ki san abin da Chundung ta rasa a rikicin nan ba, kuma wadda ta sayar da ranta ta zo ƙofarki aka sallame ta tana da ikon ƙin ganinki. Ki shirya wa hakan. Sai dai ke ma ki sassauta wa kanki, yarinya ce ta yi wancan laifin, cikin tsoro. Ɓuyan cikin bas ne ba zan yafe miki ba, da girmanki.

Kada ki tare ta a hanya ko a ƙofar coci. Ki ba Fausia saƙo ta tambaye ta ko za ta karɓe ki. In ta amince, ki faɗi gaskiya da bakinki: kina ciki ranar nan, kin gan ta, tsoro ya hana ki fitowa. Kada ki tsaya kawo hujjoji.

Ki soya masa irin ta Inna, ki cika kwanon mamarta. Sannan ki cika wani na biyu, naki. Na farko hakkinsu ne, ko ta ƙi ganinki ki ba Fausia ta kai, ya isa gida. Na biyun ki bar mata shi, kada ki ce komai a kansa. 'Yar unguwarku ce, ta san abin da ake yi da kwanon maƙwabci, kuma jirgin ƙasa na zuwa daga Glasgow kullum.

Allah ya sa ya dawo miki da gwate.

Anti Amamata