Baba, Ka Dawo a Cire Maka Bututun

Zuwa ga mahaifina, Malam Issufu, a gonarmu ta Hamdara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan kana lafiya, ya aikin kaka. Ka yafe mini ƙarfin halin da na yi. Ban taɓa tsayawa gabanka na yi dogon zance ba, balle in rubuto maka a inda jama'a za su gani. Wayarka ba ta shiga, saƙon bakin da na aika kuma da dariya ka amsa shi. Shi ya sa nake roƙon duk ɗan Hamdara da ya ga wannan ya taimaka ya karanta maka.

Baba, lokacin cire bututun da aka sa maka a hanyar abinci ya wuce.

Ba ka manta yadda abin ya fara ba. Tuwo ya riƙa tsaya maka a ƙirji, ka daina ci kwano ɗaya da su yaya, kana cewa ka ƙoshi. Daga baya fura ma sai Inna ta tace. Ina kallon yadda kake ninka zariyar wandonka.

A asibiti ni ce na tsaya kusa da kai, saboda likitan yana haɗawa da Faransanci. Ya ce ba ciwon daji ba ne. Tsamin ciki ne ya daɗe yana tasowa, ya ƙona hanyar, tabon ya tsuke ta. An buɗa, ta koma, an sake buɗawa, ta sake komawa. Sannan suka sa maka ɗan bututun nan mai kama da raga, ya riƙe wurin a buɗe. Ya ce na ƴan makonni ne kawai. In ya daɗe nama yana iya kama shi, ko ya zame ya faɗa ciki. Na maimaita maka da Hausa, ka gyaɗa kai.

Ranar da ka fara cin tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, ka miƙo mini kwanon ka ce, “Uwata, ƙaro miya.” Inna ta shige ɗaki don kar mu ga idonta.

Da gero ya nuna sai ka tafi. A ƙofar gida na ji kana ce wa Inna, “Abin da ya buɗe mini hanya, a kan me zan bari a zare shi?”

Na gane tsoron da kake ji, Baba. Ni ma ina jin sa. Ba zan ɓoye maka ba, likitan ya ce wurin yana iya sake tsukewa, amma ya ce ko hakan ta faru akwai abin da za a yi. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne a bar bututun a ciki.

Kawu Habu ya zo kasuwa, yana ta raha wai har gyaɗa kake tauna a gona. Sai kuma ya ce ya ga ka tsaya kana dukan ƙirji, ka zagaya bayan dammunan gero ka daɗe ba ka fito ba. Shi bai ɗauke shi komai ba. Ni tun daga nan zama ya gagare ni. A lakkwal, makarantarmu ta boko, mushe, wato malaminmu, ya yi mini tambaya, na miƙe ban san abin da ya ce ba. Duk babur da ya tsaya a ƙofarmu sai na leƙa.

Su yaya za su iya ɗaure sauran geron. Ka shigo Damagaram, ni zan raka ka, in tsaya kusa da kai har a gama.

Allah ya tsare mana kai, ya sa a cire bututun cikin sauƙi, ya bar maka hanyar a buɗe. Amin.

In ka ga na yi rashin kunya, ka zo ka yi mini faɗa a gida, zan durƙusa in saurara. In kuma kasuwa ta sake ci ban gan ka ba, ina neman izininka in sake rubutowa.

Ƴarka,
Hadiza