Kalmar Ƙarshe Taki Ce

Landan, Alhamis, Nuwamba 1878

Lavinia, hasken dandamalina, raɓar safiya a garin da hayaƙin kwal ya shaƙe, tsuntsuwar da in ta buɗe baki har masu sayar da lemo a bakin ƙofa sukan manta da ciniki! Ina gaishe ki gaisuwar mai laifin da bai yi nadama ba.

Na ji labari. Mista Crabbe ya yi miki tayin tafiya Amurka da 'yan wasansa, jirginsu zai tashi daga Liverpool ranar Asabar, ranar da za mu buɗe sabon wasanmu. Kin kuma ce za ki bi shi, wai don na jawo wa gidan wasanmu na Marigold masifa da bakina.

To, na jawo. Shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, na san ƙa'ida kamar yunwar cikina: ba a furta kalmar ƙarshe ta wasa a wajen gwaji, sai ranar da aka ɗaga labule gaban jama'a. In an zo wurin, mai tuna wa 'yan wasa layinsu ya rufe littafi, kowa ya kama gabansa. Ni da bakina na sha korar mutane a kan haka. Amma safiyar Talata, Lavinia! Kina tsaye cikin tsohon mayafinki mai toka-toka, hancinki ya yi ja don sanyi, rana ta ratso tagar sama ta zauna a gashinki kamar ta zo neman mafaka. Wane namiji ne zai haɗiye magana a nan? Littafi ya rufe, bakina ya ƙi rufuwa. Na furta layin ƙarshen, na ce, “Lavinia, ki zauna, ba ni da gida sai inda kike.” Kuma ban kira sunan matar da ke cikin wasan ba, naki na kira.

Kin ga abin da ya biyo baya. Misis Pell mai ɗinkin kayanmu ta zubar da allurai tana salati, ta ce, “Maigida, ka kashe mu! Tsofai-tsofai da kai, ka rasa inda za ka yi zance sai a kan abincinmu?” Tsoho Dobbs mai jan labule ya tofa yawu ta bayan kafaɗa har sau uku. Ke kuwa kika ɗauki hularki kika fice, ko waiwaye babu.

Suna so in nemi gafara. Wurin wa? Magana zarar bunu ce, kuma wannan da gangan na zare ta. Ni da na fara da tallan kifi a kasuwar Billingsgate, na koyi ɗaga murya a kan kawunan mata masu taya kaya da zagi! Ni da na yi sarki a rumbun hatsi a ƙauyukan Yorkshire da kambin kwali, aka jefe ni da ruɓaɓɓen ƙwai na sunkuya na yi godiya! Gobara ta cinye mini gidan wasa ɗaya, masu sharhi a jarida sun binne ni sau huɗu, ga ni nan ina cin tuwona. Yanzu ne jimla ɗaya za ta kayar da ni? In gaskiya ce ke rushe gida, Marigold ya rushe, in tsaya a kan tokarsa in maimaita.

Crabbe kuwa, na san shi tun yana rina gashin baki da toka. Zai rubuta sunanki da manyan baƙaƙe, ba musu. Amma ya san kina rawar ɗari kafin ki fito? Ya san sai an riƙe miki hannun hagu a bayan labule har kiɗa ya tashi? Shekara shida ina riƙe hannun nan, ya furen da ke buɗewa a tsakiyar hunturu, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Duk da haka na san tsoronki ba na wasa ba ne, kuma ɗan kasuwa ba ya barin mai saye ya tafi a kan abin da ake iya gyarawa. Jiya na tsare marubucinmu har ya yarda ya ƙara layi ɗaya bayan nawa, a bakinki. Kin gane? Abin da na faɗa ranar Talata ya tashi daga kalmar ƙarshe. Ta ƙarshen ba wanda ya taɓa jin ta, don ba a rubuta ta ba. Ga takardar nan cikin wasiƙa, fara fat. Misis Pell ta juya maganar ta kowane gefe, ta ce ni ɗan duniya ne, amma ƙa'ida ta tsaya da ƙafarta.

Ban ba kowa matsayinki ba, ba zan bayar ba. Ranar Asabar zan sa a ɗaga labule. Zan faɗi layina ga inda kika saba tsayuwa, sannan in yi shiru. In kina teku, Landan ta zo ta kalle ni, Septimus Harrow, ina jiran amsa har fitilu su mutu, su yi ihu, su yi jifa, na saba. In kuwa kina nan, ki faɗi abin da kika ga dama, ko da “a'a” ce, a gaban mutum dubu zan karɓa.

Sai dai kada ki furta ta kafin ranar, ko a gaban madubi. Kin san ƙa'ida.

Naki, wanda ba zai rufe labule a kanki ba har a rufe shi a kansa,
Septimus