Azurfar da Umma Ta Huda

Zuwa ga Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a Kano, na zaɓi in rubuto maka a fili ne domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Tun da iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ta ƙare ka bar Jidda, tambayarka ɗaya ce: yaya sulallana? Sulallan azurfar nan da aka buga don tunawa da baje kolin duniya, waɗanda ka yi ta bin 'yan canji da ma'aikatan jirgin ruwa kana tarawa ɗaya bayan ɗaya. Bikin da ba ka halarta ba, a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba.

Na kiyaye dokokinka. Kada a taɓa da hannu, kada a fitar daga roba, kada a goge. Ka sha gaya mini cewa duhun da azurfa ke yi shi ne shekarunta, wanda ya goge ya kashe ta.

To, Umma ta goge. Danshin teku ya shiga akwatin da ka bar su a ciki, ta buɗe ta ga sun yi baƙi, ta zauna a gidanmu na unguwar Nuzla da toka da lemon tsami. Yanzu ƙyalli suke kamar sabon faranti. Na yi mata bayanin yadda masu tarawa ke kallon abin, ta ce ita ba ta haifi mai ajiye datti ba.

Ba ta tsaya nan ba. Wanda ka fi so, mai hoton hasumiya, ta kai wa maƙeri a unguwar Sa'alaba ya huda shi, yadda iyayenmu mata ke yi wa tsoffin sulalla tun a gida. Halas, shi ke nan, jerinka ya lalace.

Na san za ka kira ka yi faɗa. Kafin nan ka ji wannan. Sulen yana wuyanta, a zare, ko barci ba ta cire shi. Kiranka na ƙarshe kuwa, akwatin ka tambaya, ka kashe. Tana gefena, har ta goge hannu a zani za ta karɓi wayar.

Yaya, sauran suna nan, na mayar da su robarsu. In ka kira, ita za ka fara nema.

Allah ya huci zuciyarka, ya ƙara wa Umma lafiya, ya sa ka dawo ka ga sulen a inda yake.

Ƙaninka,
Habibu